Windows 11: Lissafin Da Ke Gaban Masu Kwamfuta A Mararaba

MARARABA — A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10 kulawar da ya saba ba ta kyauta, bayan shekara goma da fito da ita kasuwa. Al'amarin bai ta da ƙura a Nijeriya ba, domin babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana, kuma babu takardar da ta ƙi buɗuwa. To amma ya ajiye wa duk mai kwamfuta a gida tambayar da ba makawa sai ya amsa ta: ya koma sabuwar manhajar Windows 11, ko ya zauna a kan tsohuwar, ko kuwa ya sake na'ura ɗungurungum.

Tambayar ta fi nauyi a gari irin Mararaba, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a kan iyaka da Nyanya ta Birnin Tarayya. Da yawa daga mazauna garin a Abuja suke neman abinci, tsadar haya ce ta koro su nan, kuma kwamfutar da ke ɗakinsu ba ta kallon fim kaɗai ba ce. Da ita ma'aikaci ke ƙarasa aikin da cunkoson hanyar Abuja zuwa Keffi ya hana shi gamawa a ofis. Da ita ɗan kasuwa ke riƙe lissafin kaya da na bashi, da ita ake cike takardun rajistar kamfani a Hukumar CAC, da ita yara ke koyon jarrabawar JAMB wadda tun shekarar 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. A gidaje da dama ita ce shagon kansa, inda ake buga wa ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi kundin kammala karatu a kan kuɗi. Saboda haka jari ce, kuma da idon jari ya kamata a dube ta.

Da farko sai an fahimci abin da aka daina. Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, a kanta sauran manhajoji ke zama, kamar yadda ɗakuna ke zama a kan harsashin gini. Babu manhajar da ba ta da kafa, kuma kullum ɓarayin intanet cikin neman kafar suke. Abin da kamfanin ya saba yi shi ne, a ranar Talata ta biyu ta kowane wata ya aiko da facin da ke toshe kafofin da aka gano. Wannan faci ne aka daina aika wa Windows 10 kyauta. Ke nan duk kafar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna, kuma da yake manhajojin biyu sun yi tarayya a sassa da yawa, facin da aka yi wa sabuwar kan zame wa ɓarayi manuniyar inda tsohuwar ke yoyo.

An taɓa ganin illar rashin faci. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta kulle takardun da ke cikinsu, ta nemi fansar dala 300 a kan kowace na'ura. Asibitocin gwamnatin Ingila na cikin waɗanda suka fi jin jiki, inda aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya. Abin lura shi ne, tun watan Maris na wannan shekarar kamfanin ya fitar da facin kafar da aka bi. Waɗanda suka shiga uku su ne waɗanda ba su saka shi ba. Darasin ya shafi har wanda ya riga ya koma Windows 11 amma ya kashe sabuntawa don tsimin data, al'adar da ta ƙara yaɗuwa bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data a watan Janairu na 2025.

A bisa ƙa'ida, komawa Windows 11 kyauta ne ga duk mai Windows 10 ta halal. Inda gizo ke saƙa shi ne sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya wa na'urar kanta tun da ya fito da manhajar a ranar 5 ga Oktoba, 2021. Wasu daga ciki masu sauƙi ne: ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira RAM, ta kai gigabait 4, babbar ma'ajiya kuma ta kai gigabait 64. Biyu ne masu wuya. Na farko, sai na'urar tana da wani ɗan makullin tsaro mai suna TPM 2.0 da ke adana mabuɗan sirri. Na biyu, ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ta kasance ta Intel zubi na takwas ko sama da haka, wanda aka fara sayarwa a 2017, ko ta AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan sharaɗi na biyu shi ya yi waje da miliyoyin kwamfutocin da lafiyarsu lau. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a watan Disamba na 2023 cewa na'urori kimanin miliyan 240 na iya zama shara a sanadin haka.

A nan ne batun ya shigo kasuwar Nijeriya kai tsaye. Mafi yawan kwamfutocin da ke gidajen masu matsakaicin ƙarfi 'yan gwanjo ne, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama mora suka sallama. Suna sauka a Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Banex Plaza da ke Wuse 2 da ƙananan shagunan da ke bakin titi daga Nyanya zuwa Masaka. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka wallafa a 2018 ya gano cewa a shekarun 2015 da 2016 kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 ne ke shigowa ƙasar nan a shekara, kuma kusan rubu'insu ba sa aiki. Babu wuya a hango abin da ke biyo bayan rufe Windows 10: kamfanonin waje su kwashe na'urorin da ba su cika sharaɗi ba, farashinsu ya faɗi a can, su kwararo inda ake da masu saye. Irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460 da Dell Latitude E7470, waɗanda suka yi suna a wurin masu saye saboda ƙarko, duk 'yan zubi na shida ne, kuma babu ɗaya daga ciki da ya samu shiga.

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani tun 1970 a kan abin da ke faruwa a kasuwar kayan hannu idan mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba: mai saye kan ƙi biyan kuɗin mai kyau don tsoron a haɗa shi da maras kyau, har maras kyau ya cika kasuwa. Da motoci ya ba da misali, amma kwamfutar gwanjo ta fi mota iya ɓoye shekarunta. Jiki sumul, allo tas, an liƙa mata takarda mai cewa Core i5 ko Core i7, sai mai saye ya ɗauka shi ke nan. Alhali wannan suna bai faɗi zubi ba. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗa: i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U zubi na takwas. Core i7 ta zubi na shida, duk da tsadarta, ba ta cika sharaɗi ba, ƙaramar Core i3 ta zubi na takwas kuwa ta cika. Duba wannan lamba bai fi minti ɗaya ba, kuma shi ne ke daidaita sanin mai saye da na mai sayarwa. Araha ba ta ado.

Ganin Windows 11 a kan allo ma ba hujja ba ne. Akwai dabarun da masu gyara ke bi su ɗora ta a kan na'urar da ba ta cancanta ba, kuma takan yi aiki. Sai dai kamfanin ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da haƙƙin samun sabuntawa, ko da ta samu yau babu tabbacin gobe. Ga mai son gwaji a kan tsohuwar na'urar da ba ta ɗauke da komai, wannan ba laifi ba ne. Ga mai saye kuwa, biyan kuɗin sabon zubi ne a kan tsoho. Kamfanin yana da wata 'yar manhaja ta kyauta, PC Health Check, da ke faɗin ko na'ura ta cancanta, da abin da ya rage mata in ba ta cancanta ba. Sau da yawa makullin TPM yana nan a ciki, kashe shi kawai aka yi, kuma mai gyara na iya kunna shi ba tare da an sayi komai ba.

Wanda na'urarsa ta ci wannan jarrabawa ba shi da wani dogon nazari. Jinkiri ba ya ƙara masa komai, sai dai ya yi shiri. Ya kwafe takardunsa a wata ma'ajiya ta daban tukuna. Ya tabbatar injin buga takardunsa da manhajar lissafinsa za su yi aiki da sabuwar, musamman in tsofaffi ne, domin Windows 11 ba ta da nau'in 32-bit da wasu tsofaffin manhajoji suka dogara da shi. Ya tanadi data, don abin da za a sauke ya kai gigabait da dama. Ya kuma zaɓi lokacin da yake da tabbacin wuta, ko ta kamfanin AEDC ko ta janareta, tunda batirin kwamfutar gwanjo ba abin dogaro ba ne, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin na'ura ba ta nan ba ta can. In bai ji daɗin sauyin ba, akwai kwana 10 na komawa baya.

Mai tsohuwar na'ura shi ne ke da lissafi a gaba, kuma lissafin da dala ake yinsa. Tun da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, dalar da ake canzawa a kan Naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a 2024, kuma kwamfuta, sabuwa ko ta hannu, daga waje take zuwa. Kamfanin ya buɗe wa masu amfani a gida ƙofar sayen lokaci: facin tsaro na ƙarin shekara guda, wanda ya sanar cewa zai kai ranar 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, wato kimanin Naira 45,000 a canjin 2025. Ya kuma yarda a samu wannan kyauta idan mutum ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft ya adana saitinta a can. Sharaɗin shi ne manhajar ta kasance ta halal, kuma nau'in ƙarshe mai lamba 22H2, abin da ya fitar da masu kwafin da aka ɗora musu a bakin titi. Kamfanoni kuwa an yanka musu dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, jimla dala 427. An tsara farashin ne da gangan don ya kori mai jinkiri.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tuna kuɗin da aka kashe wajen sayen na'urar. Wannan kuɗi ya riga ya tafi, ko an sauya ko ba a sauya ba, don haka ba shi da gurbi a lissafin yau. Abin da za a auna shi ne me na'urar ke ɗauke da shi, kuma nawa za a yi asara ranar da aka shiga cikinta. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ko ake ajiye hotunan fasfo da lambobin NIN da BVN na abokan ciniki, ba ta dace da zama babu faci ba ko na wata guda. Tun watan Yuni na 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ba manyan bankuna kaɗai ta shafa ba. Irin wannan na'ura sauya ta shi ne ya fi araha, ko da kuwa da wata ta hannu ce mai zubi na takwas ko sama.

Wadda aikinta buga wasiƙa ne da koya wa yara sarrafa madannai kuwa, babu dalilin jefar da ita. Ana iya raba ta da intanet ta ci gaba da aikinta, a dai kiyaye filashin da ake soka mata, don ta nan cuta ta fi yawo tsakanin shagunan buga takardu. Ana kuma iya sauke Windows gaba ɗaya a ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, suna samun faci, kuma ba su damu da zubin furosesa ba. Farashinsu shi ne koyo: maimakon Word da Excel sai LibreOffice, wadda takan ɗan sauya tsarin takarda idan aka kai ta wata na'ura, sannan CorelDRAW da masu zanen katin biki da kalanda suka dogara da ita ba ta da nau'in Linux. Ga wanda duk aikinsa a intanet yake, canjin bai fi na mako guda ba.

Akwai kuma agogo na biyu da ya kamata mai zama a kan Windows 10 ya riƙa dubawa, wato na sauran manhajoji. A ranar da aka rufe Windows 10 aka rufe kulawar Office 2016 da Office 2019, yayin da masu biyan kuɗin Microsoft 365 aka yi musu alkawarin facin tsaro a kan tsohuwar manhajar har zuwa Oktoba na 2028. Abin da ya faru da Windows 7 na nuna yadda sauran kan biyo baya: an daina kula da ita a ranar 14 ga Janairu, 2020, amma kamfanin Google bai janye manhajarsa ta Chrome daga kanta ba sai a farkon 2023. Daga ranar da manhajar shiga intanet ta tsufa, shafukan bankuna da na hukumomi kan fara ƙin buɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai shagon cike takardu a Mararaba yakan gane haka ne a ranar da layin masu neman rajista ya fi tsawo.