Brahma: Ƙatuwar kazar da ƙananan kaji ke cin zalinta

Duk wanda ya fara ganin zakaran Brahma zai ɗauka shi ne sarkin akurki. Nauyinsa kan kai kilo 5 da rabi, kazar kuma kilo 4 da rabi, ga gashi har kan yatsun ƙafa. Amma girman ne kawai, ba su da faɗa.

A Amurka aka samar da irin a tsakiyar ƙarni na 19, daga manyan kajin da aka kai can daga Shanghai ta China. A 1852 wani mai kiwo, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Victoria ta Ingila kyautar guda 9, daga nan farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Yau masu sha'awar kiwo a Najeriya ma suna sayensu da tsada.

Brahma tana yarda a ɗauke ta a hannu, ba ta tsallake katanga. Sai dai wannan sanyin hali ne ke cutar da ita idan aka haɗa ta da kajin gida masu zafin nama: sukan sare ta, su kore ta daga abinci har ta rame.

Shi ya sa masu kiwo ke raba su da raga na mako 2 kafin a cakuɗa su, a kuma ajiye abinci wuri biyu nesa da juna.

Babban abokin gabarta a ƙasar Hausa shi ne zafin bazara. Saboda yawan gashinta, idan babu inuwa da ruwan sanyi, rana ɗaya ta isa a yi asararta.