Damon Hamada, Kawun Abzinawa

Bahaushe ya daɗe da naɗa damo sarautar haƙuri, kirarinsa ma ya isa shaida: damo sarkin haƙuri, kurum ya gamshe ka da kowa. Duk wanda ya ga yara sun zaƙulo shi daga rami da rani ya san dalili. Ana ja ana juyawa, shi kuwa ya yi lamo. Amma yana da ɗan'uwa can arewa, inda gonar gero ta ƙare rairayi ya karɓa, wanda in ka tunkare shi da wannan kirari sai ka sha bulala. Shi ne damon hamada, wanda Bafaranshe Daudin ya sanya wa sunan kimiyya a 1803, masana ke kira Varanus griseus.

Ƙasarsa tana da faɗi ƙwarai. Daga Maroko ta ratsa Sahara, ta haɗa da Abzin da Tenere da duwatsun Tarmit a Nijar, ta bi Masar da ƙasashen Larabawa har Turkumenistan da hamadar Thar da ke tsakanin Indiya da Pakistan. Na Thar shi ne autansu wajen jiki. Na Sahara yakan kai kamar mita ɗaya, fiye da rabi kuma wutsiya ce, don haka bai kama ƙafar guza ba. Launinsa na yashi ne, da baƙaƙen zane a gicciye. Wutsiyar guza a fyaɗe take saboda iyo, tasa kuwa mulmulalliya ce, ba ruwanta da kogi. Ƙofar hancinsa 'yar tsaga ce a karkace, ta fi kusa da ido bisa ga tsinin baki, abin da ya dace da mai yawan cusa fuska cikin ƙasa.

In aka ritsa shi, sai ya miƙe ƙafafu, ya kumbura wuya da ciki, ya shiga huci, ya dinga tsula wutsiya. In ya ciza ba ya saurin saki, wurin kuma yakan kumbura. A tsakiyar shekarun 2000 binciken Bryan Fry da abokan aikinsa ya nuna cewa dangin damo suna da 'yan jakunkunan dafi a muƙamuƙin ƙasa, ko da yake dafin bai kai na maciji ba ko kusa.

To ina haƙurin? Ni a ganina yana nan, har ya fi na damonmu, sai dai da lokaci yake yin sa. Damo yana ɓuya da rani ya jira damina. Na hamada sanyi yake gudu: a yawancin ƙasarsa, daga wajen Oktoba yakan shige rami, ba a sake jin ɗuriyarsa sai Maris ko Afrilu. Kusan rabin shekara ke nan ba ci ba sha, yana lasar kitsen da ya tara a ciki da gindin wutsiya. Ko a watannin da yake fita, ba ya gaggawa. Da safe yakan leƙo da kai bakin rami, ya dakata har rana ta gasa shi, domin jikinsa ba ya aiki sosai sai zafinsa ya kai wajen digiri 35 zuwa 38. Rana ta take kuma ya koma ƙasa, don yashin tsakar rana kashe shi zai yi. Ruwa kuwa, mafi yawansa daga jikin abin da ya ci yake samu, gishirin da ya yi masa yawa yana fita ta hanci.

Da zarar jiki ya ɗau zafi, sai ka ga wata dabba daban. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, shi kuwa ya san haka fiye da kowane ƙadangare. Yakan taka kilomitoci a yini guda, daga wannan kurmin ciyawa zuwa wancan rami, harshe mai baki biyu na shiga da fita yana ɗebo ƙamshi yana kaiwa ganɗa. Ƙadangaru da yawa ba sa iya gudu da numfashi sosai a lokaci ɗaya, saboda naman haƙarƙarin da ke lanƙwasa jiki shi ne kuma ke jawo iska, shi ya sa suke zabura su tsaya. Dangin damo sun sami mafita: suna cika maƙogwaro da iska su tura ta huhu suna cikin tafiya. A kan damonmu na saura aka tabbatar da wannan a 1999. Da wannan baiwa na hamada ke tone ɓerayen rairayi, ya kama ƙadangaru da fara da buzuzu da kunama, ya fasa ƙwan tsuntsu, har macijin yashi mai ƙaho ba ya tsira. Ganye dai ba ya cikin lissafi. Wanda ya fara cewa fatan dai damo ya kai ga harawa, ko bai ci ba ya yi birgima, lallai ya zauna ya kalli damo da kyau.

Mace takan saka ƙwai goma zuwa ashirin a rami a farkon zafi. Bayan kamar wata huɗu su ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan sukan yi zamansu a ƙarƙashin ƙasa har sanyi ya wuce. Da jira suke fara rayuwa, tun ba su ga rana ba.

Dabbar da ake gani jefi-jefi ba ta rasa labarai. Hirodotus, marubucin Girka na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci kadojin tudu a ƙasar Libiya, masana da dama kuma suna ganin wannan dabba yake nufi. Makiyayan Asiya ta Tsakiya sun ɗora masa laifin tsotse nonon awaki, alhali bakin da ba shi da leɓe mai laushi ba zai iya tsotso ba; ɓerayen da ke kewaya garke ne suke jawo shi. Wannan ƙazafi ya jawo wa da yawa sanda a ka. Abzinawan duwatsun Ahaggar da ke tsakiyar Sahara kuwa kawu suka ɗauke shi, wato ɗan'uwan uwa, ba sa kashe shi, ba sa cin namansa. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a wurin mutanen da sarautarsu ke bin tsatson uwa, inda ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Cikin duk abin da aka faɗa a kansa, wannan ne ya fi kwanta mini, domin ya kare dabbar da ke rage musu ɓera da maciji a kewayen zango tun kafin a san wata dokar kare namun daji.

Dokar ta zo daga baya, bayan fata ta zame masa masifa. Mu nan fatar guza ko ta damo muke rufe ƙwaryar goge da ita, amma kasuwar jaka da takalma ta ƙetare ba ta san ƙoshi ba. Tun 1975 aka sa damon hamada a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. A Nijar, gandun Tarmit da Tin-Tumma da aka kafa a 2012 ya ba shi, a wancan lokaci, fili mai kusan murabba'in kilomita 97,000. Cikin abubuwan da ke cinsa yanzu akwai na bakin hanya da gefen gari: mota ta take shi yana shan hantsi a kan kwalta, ko a busar da shi a cusa masa ciyawa a sayar wa 'yan yawon buɗe ido a kasuwannin Arewacin Afirka.