Mallakar Fili Da Takardunsa A Birnin Abuja

Ya ku ɗalibai da iyaye masu daraja, bayaninmu na wannan fitowa a kan mas'alar fili ne da takardunsa a Abuja, babban birnin ƙasarmu. Da yawa cikinmu muna da uba ko wa ko kawu da ke neman abinci a can, yana tara taro da sisi shekara da shekaru domin ya sami inda zai kafa iyalinsa. To abin baƙin ciki shi ne mutum ya biya kuɗi, ya yi gini, ya tare, sannan wata rana ya wayi gari ya ga an shafa wa bangonsa jan fenti, alamar rusau. Sau da yawa abin da ya jawo haka rashin sanin dokar ƙasa ne. Don haka ku karanta da natsuwa, kuma ɗalibai ku karanta wa iyayenku.

Da farko sai mu san wa ke da iko da ƙasar. A shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yi dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, ta kuma danƙa ƙasar yankin ɗungurungum a hannun Gwamnatin Tarayya. Gwamnati ba ta bar Legas ta tare a Abuja ba sai ranar 12 ga Disamba 1991. A 1978 kuma, zamanin Janar Obasanjo, aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abuja ba ta da gwamna, saboda haka Ministan Abuja ne ke riƙe da wannan iko a madadin Shugaban Ƙasa.

Ma'anar wannan ita ce, abin da mutum yake mallaka a shari'ance haƙƙin zama ne da amfani da fili na wani wa'adi, galibi shekara 99. Kuma Minista kaɗai ke iya ba da wannan haƙƙi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a wani hukunci da ta yanke a 2008. Ke nan takardar dagaci ko ta mai unguwa, ko da an buga mata hatimi goma, shaida ce kawai ta cewa an yi ciniki, ba ta zama hujjar mallaka a gaban hukuma. Haka nan takardun da ƙananan hukumomin yankin guda 6 suka taɓa rabawa, wato ta cikin birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji: mai irin wannan takarda sai ya kai ta an tantance, Minista ya amince, kafin ta tsaya da ƙafarta. Filin awon igiya da muka saba da shi a garuruwanmu, a Abuja hatsarinsa babba ne.

Ku lura da wani abu kuma. Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa suke, Suleja da Madalla a Jihar Neja. Ko da yake mutane kan ce suna zaune a Abuja, takardar fili a waɗannan garuruwa daga gwamnan jihar take fitowa, ba daga Minista ba.

Manyan takardun guda biyu ne. Ta farko ita ce takardar ba da haƙƙin zama, wadda ake ba wanda gwamnati ta yanka wa fuloti. A cikinta akwai lambar fulotin da unguwar da girmansa da abin da aka yarda a gina, gidan zama ne ko kanti ko makaranta. Idan mutum ya karɓa, ya biya kuɗaɗen da aka yanka masa, sai a ba shi ta biyu, wato satifiket na mallaka, wanda jama'a ke kira Si-of-O. Shi ne ke ɗauke da sa hannun Minista da taswirar filin, kuma shi banki ke nema idan za a ba da jingina.

Ina ake ajiye bayanan? A da, fayil-fayil ne a cikin kabad, wani ya ɓace, wani a sace, har a sami fuloti ɗaya da masu takarda uku. A zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Minista, daga 2003 zuwa 2007, aka kafa ofishin da ake kira AGIS, aka zuba bayanan filaye cikin kwamfuta, aka kuma umarci masu tsofaffin satifiket su mayar da su a ba su sababbi. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka tsohon satifiket na kafin wannan lokaci wanda ba a sabunta ba, sai ka dakata ka yi bincike.

To yanzu in mutum zai sayi fili a hannun wani, yaya zai yi? Kada ya yi cinikin biri a sama. Kafin ya fitar da ko kwabo, ya nemi lauya amintacce, a karɓi kwafin takardun, a je AGIS a biya kuɗin bincike. Sakamakon zai nuna sunan mai filin na gaskiya, da ko an jinginar da shi, ko an soke shi, ko akwai bashin haraji a kansa. Sannan ya ɗauki safiyo su je filin da ƙafa, a duba turakun iyaka, a tabbata fulotin da dillali ya nuna shi ne wanda ke cikin takarda. Alal misali, takarda tana iya zama ta gaskiya amma a kai ka wani fili dabam, wanda yake kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Idan komai ya yi daidai, sai lauya ya rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, mai saye da mai sayarwa su sa hannu a gaban shaidu. Mu ɗaliban ilimi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma aiki bai ƙare nan ba. Doka ta shar'anta a nemi amincewar Minista, a biya kuɗin kan sarki da na rajista, sannan a shigar da sunan mai saye. Mutane da yawa sukan tsaya a takardar wakilci kawai don gudun kashe kuɗi. Ita kuwa wakili take mayar da kai, ba ta mayar da kai mai fili ba, sunan mai sayarwa yana nan a littafin hukuma. Araha ba ta ado.

Bayan an mallaka akwai sharuɗɗa. Ba a fara gini sai hukumar kula da gine-gine ta amince da zanen. Ba a barin fili kango har wa'adin ginin da aka rubuta ya wuce. Sannan akwai harajin fili da ake biya kowace shekara. Kada a raina shi: a watan Maris na 2025, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, an ba da sanarwar soke takardu 4,794 saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya ba. Haka kuma gwamnati tana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti, ta biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Mai cikakkiyar takarda shi ke da bakin neman wannan diyya.

Sai maganar gado, wadda ta fi shafar ku yara da iyayenku mata. Idan maigida ya rasu aka raba gado, a karɓi takardar rabon daga kotu, a bi ta hannun lauya a sauya suna a ofishin filaye. Barin takarda da sunan mamaci shekara da shekaru shi ke buɗe ƙofar cin dukiyar marayu da rigima tsakanin 'yan'uwa. Iyaye maza, ku sanar da iyalinku inda takardu suke, ku yi kwafi ku ajiye a wuri dabam, ku adana rasit na kowane biya. Filin makaranta ko masallaci da aka ba da waƙafi shi ma a yi masa rajista da sunan amintattun ƙungiya, kada a bar shi da sunan mutum ɗaya, domin magadansa ba lallai su san alkawarin da ya ɗauka ba.

Kuɗaɗen rajista da ƙa'idojin ofis sukan sauya daga lokaci zuwa lokaci, don haka a riƙa tambaya a ofishin da kansa, kada a dogara da bakin dillali. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare mana halaliyarmu, ya kiyashe mu cin haƙƙin wani.