Dillancin Suna A Intanet: 'Yan Citta A Yi Hattara

Daga Wakilinmu, Kafancan

Yau labarin wata haja na kawo muku wadda ba a zuba ta a buhu, ba a aza ta a sikeli, amma ana cin riba da ita, ana kuma yin hasara. Watau sunan da mutum ke yi wa rajista a intanet don masu neman kayansa su same shi.

Shi wannan suna tamkar rumfa ne a kasuwa. Haya ake yi, ana biya shekara shekara, kuma wanda ya riga zuwa shi ke kamawa. Mutum biyu ba su riƙe suna ɗaya. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, wadda aka kafa a 2005, ita ce kuma ke amincewa da kamfanonin da ke yi wa jama'a rajista. Da yake haka abin yake, sai dillalai suka shigo. Sukan kama sunaye masu daɗin faɗi da arha, su liƙa tallar "na sayarwa ne", su zauna jiran mai bukata. A Amurka an sayar da business.com kan dala miliyan 7.5 a 1999, aka kuma sayar da voice.com kan dala miliyan 30 a 2019.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Intanet ba baƙuwa ba ce a nan, gama tun shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco ta koya wa matasa kwamfuta, ta kuma kai musu intanet maras waya. Kuma kowa ya san cittar Kaciya da Kwoi da Kagarko har ƙasashen waje take kaiwa, masu sayenta kuwa a intanet suke fara neman mai kaya.

Wani ɗan kasuwar citta a nan ya ba ni labarin abin da ya same shi. Ɗan wansa ne ya yi masa rajistar sunan kasuwancinsa, aka buga shi a jikin buhuna da takardun ciniki. Da annobar ruɓewar citta ta 2023 ta cinye gonaki, hankalinsa ya tafi ga bashi, shekara ta zagayo ba a sabunta haya ba. Saƙon tuni kuwa ga yaron yake zuwa, shi ko ya koma Legas. Da wa'adi ya wuce, wani ya kama sunan, ya sa masa kuɗin da ya ninka na farko sau da yawa. Abin da ya fi damunsa ba kuɗin ba ne. Tsoronsa kada wani ya karɓi kuɗin abokan cinikinsa da sunansa, mutuncin shekara da shekaru ya zube a banza.

To, ga shawara. Rajistar da ka yi a hukumar CAC ba ta kama maka suna a intanet, kowanne da ƙofarsa. In za a yi maka rajista, a sa sunanka da lambar wayarka, ba na yaron da ka aika ba. Ka rubuta ranar sabuntawa inda kake rubuta bashi. In dillali ya yi maka tallar suna, kada ka biya sai ka tabbata shi ke riƙe da shi, kuɗin kuma su zauna a hannun amintacce har sunan ya dawo hannunka.

Samarin da ke sha'awar wannan dillanci kuwa, su sani yawancin sunaye ba su samun mai saye, haya kuma ba ta jira. Kama sunan kamfanin wani don a matsa masa ya fanshe shi, wannan kan jawo ƙara, a ƙwace sunan.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya maido ku gida lafiya, amin.