Tudun da ke gonarka na iya zama kushewar magabata

A ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina akwai wasu tuddai da mai wucewa zai ɗauka jibgin ƙasa ne kawai. Sunan wurin Durɓi ta Kusheyi, kuma a nan aka binne Durɓawa, sarakunan Katsina na farko. An fara tona su a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus suka sake tona guda uku, suka sami gawarwaki da 'yan kunnen zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da kwanon tagulla da ya fito daga ƙasashen Larabawa. Da wannan aka tabbatar cewa tun wajen ƙarni na 14 fatauci ya haɗa ƙasar Hausa da duniya mai nisa.

An san haka ne domin an tarar da kowane abu a inda aka ajiye shi. Masani yana auna zurfi, ya duba abin da ke kusa da gawa, ya kai ƙashi ko gawayi a gwada shekarunsa. Mai haƙar dare kuwa, da diga ɗaya yake tarwatsa wannan duka. Ya sayar wa dillali abin da ya tono a kan 'yan kuɗin cefane, dillali ya tsallake da shi Turai ya ci kazar riba.

Haka aka yi wa maƙabartar Bura da ke yammacin Nijar, wadda aka gano a 1975. Bayan sunanta ya fito, maharan kayan tarihi suka yi wa yankin rami-rami, suka farfasa tulunan da aka binne mutane da su.

Ba ɓarayi kaɗai ke ɓarna ba. Garma, da masu ɗibar ƙasar bulo, da zaizayar ruwan sama duk suna cin waɗannan tuddai a hankali.

Dokar Nijeriya ta 1979 ta haramta tono ko cinikin kayan tarihi ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Don haka in fartanyarka ta ci karo da tsohuwar tukunya ko ƙasusuwa, dakata. Kada ka ciro, kada ka wanke. Mayar da ƙasa ka rufe, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai magana gidan tarihi mafi kusa. Wanda ke kwance a wurin kakan wani ne, wataƙila ma naka.