Karal Ko Fako: Ina Za A Shimfiɗa Farantan Sola A Ƙasar Garwa?

 Shirin namu na musamman na yau zai taso ne daga unguwar Rumde Ajiya da ke birnin Garwa a arewacin Kamaru, wadda a takardun hukuma ake rubuta ta Roumdé Adjia. Masu son ƙwallo ba sai an yi musu kwatance ba. A filin wasan wannan unguwa ne, ranar 11 ga Janairun 2022, Kelechi Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya tilo a gasar cin kofin Afirka. A nan Super Eagles ta Najeriya ta ci Sudan 3 da 1, ta ci Gini Bisau 2 da nema, kafin Tunisiya ta sallame ta gida ranar 23 ga watan. 'Yan kallo suka yi ta tsallakowa daga Yola da kewayenta, fitilun filin suka mayar da dare rana. Amma a shekarun nan ɗin dai, 2021 da 2022, gidajen Garwa da Marwa da Ngaundere karɓa-karɓa suke yi da wutar lantarki, saboda ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Sai kuma sunan unguwar kansa, wanda ya kamata a ɗan tsaya a kansa. A Fulfulde, rumde ƙauyen gona ne, irin abin da Bahaushe ke kira rinji. Ke nan inda siminti da kwalta suka rufe a yau, a da wurin shuka ne. Gari ya zo ya haɗiye gona, ya bar mata suna kawai. Ku riƙe mana wannan a zuciya, domin farantan sola ma ƙasa suke ci.

Ga tushen zancen a gurguje. Yankuna uku na arewacin Kamaru, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogaro da Lagdo, madatsar da 'yan Sin suka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, mai injina 4 da ƙarfin megawat 72. Idan damina ta yi gardama, injinan sai su rage aiki, a koma ƙona man dizil a tashoshi irin ta Jambutu a nan Garwa, da tsadarsa. Shi ya sa kamfanin wutar lantarki na Eneo ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Scatec na ƙasar Nowe, aka kafa tashoshin sola biyu a Marwa da Gidar, masu jimillar kimanin megawat 36 haɗe da batura, aka ƙaddamar da su a 2023. A 2024 kuma aka sa hannu a kan ƙarin kusan megawat 29. Batun ko za a yi sola dai ya wuce, an riga an fara. Abin da ya rage shi ne a ina za a aza na gaba, kuma wa zai nuna wurin.

Wanda ya buɗe taswirar hasken rana ta duniya, irin wadda Bankin Duniya ya fitar a intanet tun 2017, zai ga daga Garwa har gaɓar tafkin Chadi launi kusan ɗaya ne. Kowace murabba'in mita tana samun tsakanin kilowat-awa biyar da rabi zuwa shida a wuni. Rana ba ta nuna bambanci tsakanin Pitowa da Figil, don haka wannan taswira ba za ta zaɓa mana wuri ba. Abin da ya bambanta shi ne ƙasar da hasken ke sauka a kanta. Masana sukan jera taswirori a kwamfuta, ɗaya bisa ɗaya. Su cire duwatsu da gangare, irin tsaunukan Tingelin da ke arewa da Garwa. Su cire kwarin da Binuwai ke malalewa, wanda duk wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san iyakarsa. Su cire gandayen daji na Binuwai da Faro da Buba Njida, mazaunin giwa da zaki da raƙumin dawa, waɗanda idan aka haɗa su da yankunan farauta da ke zagaye da su sun haura kashi 40 cikin ɗari na yankin Arewa. Su duba kusancin babban layin wuta da hanyar mota. Abin da ya saura sai su shafa masa kore, su ce ga fili babu kowa. To, a kan wannan “babu kowa” ɗin nake da ja.

Ku saurari labarin karal. Karal baƙar ƙasa ce mai yumɓu, a shimfiɗe kamar tabarma, wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ta tsattsage da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Mutanen Borno firki suke ce mata. Idan tauraron ɗan'adam ya ɗauki hotonta a watan Yuli ko Agusta, lokacin da duk gonakin gero da masara da auduga suka yi kore shar, ba zai ga kunya ko ɗaya a cikinta ba, sai ciyawa da ruwa. A idon kwamfuta, wannan ƙasa ba ta da mai ita. Alhali manomi yana can gefe yana renon irinsa. Sai ruwa ya ɗauke, wajen Satumba zuwa Oktoba, ya sare ciyawar, ya ɗauko sandarsa mai tsini ya riƙa huda rami, a zuba ɗan ruwa, a dasa dawa. Daga nan ba ta ƙara ganin ɗigon ruwan sama, laimar da yumɓun ya riƙe ita za ta kai ta har girbi a Janairu ko Fabrairu. Ita ce muskuwari a bakin Fulani, masakwa a bakinmu. Dawa ce da ke nuna a tsakiyar hunturu, ta cika rumbu a lokacin da na damina ya fara yin ƙasa, karanta kuma ya riƙe shanu a tsananin bazara. Yanzu ku dubi abin da injiniya ke nema: fili shimfiɗaɗɗe, babu itatuwa da yawa, babu gidaje, kusa da hanya. Ai siffar karal ce ya zana, bai sani ba.

Kuma ƙasar Garwa ta taɓa biyan kuɗin wuta da karal sau ɗaya. Kafin a datse Binuwai a Lagdo, ambaliyar kowace shekara ita ke jiƙa filayen da ke ƙasa da madatsar, manoma su bi bayanta da dashen muskuwari. Da aka tsare ruwan, malalar ta ragu, noman ya ja baya a wurare da dama na kwarin. An samu wuta, wannan ba abin musu ba ne, amma waɗanda suka biya da gonakinsu ba lallai su ne suka fara ganin kwan fitila a ɗakinsu ba. Haka zancen yake ga burtali. Hanyar da shanu ke bi daga mashaya zuwa makiyaya, ko daga Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai da rani, ba ta da alama a hoton sama, domin watanni da yawa babu ko ɗan maraƙi a kanta. Tashar sola kuwa da shinge take zuwa. Ka gitta waya a kan burtali, garken ba zai koma inda ya fito ba, zai ratsa ta gonar audugar wani ne, gobe a wayi gari a gaban alƙali ko a fadar lamiɗo. Wannan rigima ba ta shiga lissafin kamfani, amma ƙauyen zai yi shekaru yana biyan ta.

To ina ya dace? Fulani suna da kalma ga wata ƙasar, harde. Mu fako muke cewa: ƙasa ta mutu, ta daskare kamar daɓe, ruwan sama ya zuba ya gangare bai shiga ba, garma ta sare ta ta yi tsalle. Akwai irinta da yawa a filayen Diyamare da ke kewaye da Marwa. Abin da ya sa manomi ya guje ta shi ne abin da ya sa ta dace da sola: tana da tauri, a shimfiɗe take, ba sai an sare kaɗanya ko ɗorawa ko gawo ba. Sai kuma wuraren da ɗan'adam ya riga ya ɓata da hannunsa, ramukan da aka haƙi tsakuwar hanya aka bari, da tsofaffin wuraren fasa dutse irin na ƙasar Figil mai masana'antar siminti. Sannan rufin gine-gine a cikin gari. Ku dawo Rumde Ajiya ku ɗaga kai: filin ajiye motoci na filin wasa, rufin makarantu da asibitoci, rumfunan kasuwa, manyan ɗakunan ajiya na kamfanin auduga na Sodecoton da ke da hedikwata a Garwa tun 1974. Ƙasar da gari ya riga ya cinye ba ta da sauran gonar da za a yi asara. Ra'ayina shi ne a fara cika waɗannan, kuma a zana taswirarsu tun kafin mai jari ya sauka daga jirgi, a zana ta da hoton damina da na rani duka, sannan a taka da ƙafa tare da jauro da lawan da arɗo da matan da ke tsintar itace da kaɗe.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ai filin da sola ke ci bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne a lissafi. Tashar megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso ta jihar Kano a Janairun 2023 tana zaune a kan hekta 24. Ko da wannan ma'auni, megawat 100 ba zai kai hekta 250 ba, alhali tafkin Lagdo ya shanye wajen murabba'in kilomita 586, wato sama da hekta dubu 58. Amma wannan hujja ni take goyon baya. Tunda abin da ake bukata kaɗan ne, babu uzurin a ɗora shi a kan ƙasa mafi albarka. Kuma kada a manta, ba a ko'ina cikin daji ake neman hektocin nan ba. Kowane kamfani yana son su ne a gindin tashar rarraba wuta, a bakin kwalta, a gefen gari, daidai inda gona ta fi tsada kuma mutane suka fi cunkushewa. Hekta 30 ba komai ba ce a taswirar ƙasa, amma a ƙauyen da magidanci ke riƙe iyalinsa da hekta ɗaya ko biyu, abincin gidaje da yawa ne.

Na biyu, za a ce mutane na cikin duhu, tela da mai walda da mai niƙa sun zauna, ku kuna zancen taswira. Ga shi kuma kowace kilomita da aka ƙara tsakanin fako da layin wuta kuɗi ce. Batun kuɗin gaskiya ne, kuma akwai fakon da nisansa zai hana a yi amfani da shi. Sai dai layi sau ɗaya ake jansa, gonar da aka rasa kuwa duk shekara ake rasa ta, har tsawon shekara 20 ko 25 da farantan za su yi. Batun jinkiri kuma, abin da ke tsayar da aiki ba zaman shawara ba ne, rigimar fili ce bayan an kafa shinge. A jihar Kaliforniya ta Amurka, a kwarin San Joaquin, an zaunar da manoma da masu kare muhalli da kamfanonin sola kowa ya zana inda ba shi da ja. Da aka haɗa a 2016, aka samu eka dubu 470, kimanin kashi 5 cikin ɗari na yankin, wanda kusan kowa ya yarda da shi. Su suna da takardun mallaka. A Kamaru, dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974 ta sa duk ƙasar da ba ta da takarda a ƙarƙashin kulawar hukuma, kuma akasarin karal da burtali ba su da takarda. Manomin da ya gaji karal daga kakansa, idan sunansa bai hau wata taswira ba, da me zai kafa hujja ranar da aka zo da ma'auni?

Na uku ya fi nauyi, kuma ba zan ce ina da cikakkiyar amsarsa ba. Idan aka bayyana cewa ga fakon da ya dace da sola, masu hannu da shuni za su riga kowa zuwa su yanki takarda a kansa, su jira diyya. Mai yiwuwa ne ƙwarai. Amma wanda ke da ido a ofis ya riga ya san inda layi zai bi, ɓoye taswira talaka kaɗai take rufe wa ido. A manna ta a ofishin gunduma, a karanta ta a rediyo da Fulfulde da Hausa, a dakatar da yankan takarda a wuraren da aka ware har a gama tantance masu amfani da su. Shi ma fakon ba kufai ba ne ɗungurum. Tumaki na lasar ɗan tsiron da ke fitowa a gefensa da damina, kuma akwai manoman da ke farfaɗo da shi da ƙananan kunyoyi masu tare ruwa. Irin wannan sai a tambaya, a kuma ɗaga farantan yadda tumaki za su yi kiwo a ƙarƙashinsu, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe.

Lokaci na hararar mu, saura abu biyu a taƙaice. Akwai masu cewa a shimfiɗa farantan a kan ruwan Lagdo kansa, kamar megawat 5 da Ghana ta ɗora a kan tafkin madatsar Bui. Layin wuta na nan a gindi, ba a taɓa gonar kowa ba, sai dai masunta da dorinar ruwa su ma suna da wuraren da ba a shiga, kuma ruwan na hawa da sauka da nisa tsakanin Oktoba da Mayu. Sai ƙurar hunturu, wadda ke rufe farantan ta rage musu ƙarfi, dole a wanke. Duk taswirar da ba ta nuna daga wace rijiya za a ɗebo ruwan wankin a watan Maris ba, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma shanu ke layi a bakin mashaya, a mayar wa mai ita ya ƙarasa. A nan za mu dakata.