Luxembourg da Strasbourg: Wa ke da maganar ƙarshe kan haƙƙin ɗan Adam a Turai?

A ranar 18 ga Disambar 2014, Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta rusa aikin da aka shafe shekaru ana yi. Ta ce daftarin da zai shigar da Tarayyar cikin Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya saɓa wa dokokin da suka kafa ta. Fiye da shekara goma ke nan, Tarayyar tana bakin ƙofa.

Manyan kotuna biyu ne a nahiyar. Ta Luxembourg ce ke fassara dokokin Tarayyar mai ƙasashe 27. Ɗayar kuwa tana Strasbourg ta ƙasar Faransa, ita ke kula da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Roma a 1950, wadda ƙasashe 46 ke ƙarƙashinta. Duk ƙasashen Tarayyar na cikin waɗannan 46, amma ita kanta Tarayyar ba ta ciki. Don haka mutum na iya kai ƙarar gwamnatin Jamus ko ta Italiya a Strasbourg, amma ba shi da hanyar gurfanar da hukumomin Tarayyar a can.

Yarjejeniyar Lisbon da ta fara aiki a 2009 ta wajabta wa Tarayyar shiga, domin a cike wannan giɓi. Aka soma tattaunawa a 2010, aka kammala daftari a 2013. Sai alƙalan Luxembourg suka ce daftarin zai taɓa cin gashin kan dokar Tarayyar. Cikin hujjojinsu akwai ƙa'idar amincewa da juna, wadda ke sa kowace ƙasa ta ɗauka cewa 'yar'uwarta na mutunta haƙƙin jama'a. Akwai kuma harkokin waje da tsaro, inda ikon Luxembourg ke da iyaka: ba ta yarda wata kotu ta duba abin da ita ba ta da hurumin dubawa ba.

Wannan ƙa'ida ta amincewa ta riga ta gamu da cikas. A 2009 Beljiyam ta mayar da wani ɗan Afganistan mai neman mafaka zuwa Girka, inda ya fara shiga Tarayyar, bisa tsarin Dublin. A can aka tsare shi cikin ƙunci, daga baya ya koma kwanan titi. A Janairun 2011 Strasbourg ta sami ƙasashen biyu da laifi, ta ce bai kamata Beljiyam ta rufe ido ga halin da ake ciki a Girka ba. A Disambar shekarar Luxembourg ma ta hana mayar da mutum ƙasar da tsarin mafakarta ya lalace. Amma sai da kotun waje ta fara magana.

An koma teburin tattaunawa a 2020, aka cimma matsaya ta wucin gadi a Maris ɗin 2023, aka bar wa Tarayyar batun harkokin waje da tsaro ta warware a cikin gida.

Afirka ma tana da kotunan da ayyukansu ke haɗuwa. Kotun ECOWAS da ke Abuja ta sami ikon sauraren ƙorafin take haƙƙi a 2005, ga kuma Kotun Afirka a Arusha ta Tanzaniya. Dokar kotun Abuja ta hana ta karɓar ƙarar da ke gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ɗan Najeriya na iya zuwa Abuja kai tsaye, amma ba Arusha ba, domin gwamnati ba ta miƙa sanarwar da ke ba ɗaiɗaikun mutane wannan dama ba. A Turai ko a nan, idan aka bar batun hurumi a rataye, mai ƙara ne ke jira.